Mashin ɗin da Baba Nathan Ya Kwance

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuta min cewa Mama Celina muguwar mata ce, gyara zama ki karanta, mu ga ko za ki maimaita.

Wanda ya shigo yau kada ya tsaya rarraba ido. Baba Nathan tsohon makanikin masaƙa ne a Kakuri, yanzu yana zaune a Unguwar Boro da matarsa Mama Celina. 'Ya ɗaya tak Allah ya bar musu, Judith, malamar asibiti a wani ƙauye can bayan Kachia. Shekara bakwai ke nan ba ta ce wa ubanta ko sannu ba, tun ranar da ya kwance mashin ɗin da ya yi alkawarin ba ta, ƙarfe-ƙarfe, a gaban idonta. Yanzu tsufa ya zo, ido ya fara tafiya, sai ga tsoho ya ce zai haɗa abinsa, kuma shi da kansa zai hau ya kai mata. Ya sa matarsa ta yi alkawari ba za ta gaya wa yarinyar komai ba, ba zancen mashin ba, ba zancen ido ba.

Mu je.

*

Gwangwani ɗaya ya rage.

Mama Celina ta gan shi tun kafin ta ajiye masa kofin kunun gyaɗa. Gwangwanayen madara talatin da biyu ya cika da notuna ranar da ya yi ɓarnar. Yau talatin da ɗaya a kife suke a gindin mangwaro, ruwan da aka yi da asuba ya wanke su tas.

Mashin ɗin kuwa ga shi tsaye da ƙafafunsa a tsakar gida. Dogo ne, irin na malaman gona, mai tayoyi kirtif-kirtif da madigadin gaba a ɗage sama. Irin wanda ke bin kwalta, in kwalta ta ƙare ya faɗa dutse da rafi bai nemi shawarar kowa ba.

Ta tsane shi. Wallahi a safiyar nan ta tsane shi har cikin ranta.

"Maman Judith," in ji Baba Nathan daga kan buhun da ya shimfiɗa, "kin tsaya a kaina kamar mai karɓar haraji. Zauna mana."

Ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a inda ta saba, gwiwarta na gogar kafaɗarsa.

Aikinta ke nan wata bakwai. Ita ce idonsa.

A masaƙa, in za su kwance injin saƙa, kowane noti sai an ɗaura masa guntun zare a wuya. Ja na nan, kore na can, shuɗi na ƙasa, don ranar mayarwa kada a tsaya kame-kame. Hannun Baba Nathan ya saba har ko murhun kananzir ba ya iya kwancewa bai ɗaura zare ba. Ranar da ya kwance mashin ɗin ma, yana huci, jijiyar wuyansa a miƙe, amma bai jefa noti ɗaya a gwangwani ba zare ba. Ita tana leƙensa ta tagar kicin ta ce a ranta, mai niyyar hallaka abu ba ya ɗaura masa zare.

Yanzu ja da kore duk ɗaya suke a wurinsa. Sai ya ce ba ni ja, ta duba ta miƙa masa.

To a nan gizo ke saƙar.

In ya ce ja, wani lokaci kore take miƙawa. Ya ɗaura, ya ƙi zama, ya kwance, a koma baya. Aikin wata biyu ta ja shi ya zama wata bakwai. Mace mai jan waƙa a zumuntar mata, wadda ko canjin mai tumatir ba ta iya dannewa, ita ce kullum za ta idar da addu'ar safe ta fito ta shimfiɗa wa mijinta ƙarya.

Kada ku yi saurin zaginta. Ku tuna hanyar Kachia. Tankokin mai da ke fitowa ta wajen Rido, tireloli, ramukan da damina ta haƙa. Masu ido biyu garau ma sai sun yi addu'a suke hawanta. Shi ne mutumin da ke laluben kofin kununsa zai ce zai bi ta a kan ƙafa biyu? Ita dai ta san abu ɗaya: ranar da mashin ɗin nan ya tashi, ranar za ta fara zaman takaba.

"Saura kafireta," ya ce. "Buɗe mana na ƙarshen."

Ta sa bakin cokali ta ɓalle murfin. Warin tsohon fetur ya bugi hancinta. Ciki wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne na tagulla, kowanne da zarensa.

"Ba ni mai jan zare. Ɗan ƙarami ne, da rami a tsakiyarsa."

Ga shi nan a sama, kamar yana jiranta. Kusa da shi ga ɗan'uwansa mai koren zare, kusan girmansu ɗaya.

Ubangiji ka gafarta min, ta ce a zuci. Na yau kawai.

Ta ɗauki koren ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya juya shi tsakanin yatsunsa. Ya sake juyawa. Bai kai shi jikin kafiretar ba, sai ya ɗora shi a gwiwarsa.

"Celina."

Rabon da ya kira sunanta gatsau haka tun Judith na goye.

"Na'am."

"Wannan wane launi ne?"

"Ja mana."

"Sake dubawa."

"Baban Judith, in ce dai ni ce mai idon?"

"Ke ce. Shi ya sa nake tambayarki."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa a gabansu, Mama Celina ta zuba mata ido kamar yau ta fara ganin kaza.

"Kawo hannunki," ya ce.

Ya lalubo hannun, ya kama ɗan yatsanta ya ɗora a kan zaren, ya bi da shi a hankali daga wuyan ƙarfen zuwa ƙarshe.

"Me kika ji?"

"Ƙulli."

"Nawa?"

Muryarta ta yi ƙasa. "Uku."

"Ja ƙulli ɗaya ne. Shuɗi biyu. Kore uku." Bai saki hannun ba. "A masaƙa ƙurar auduga da baƙin mai sukan rufe zare har ka kasa gane launinsa. Shi ya sa muke ƙullawa. Launi na sababbin ɗauka ne. Mu tsofaffin hannu da yatsa muke karantawa."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin, Mama Celina ba za ta tsaya ɗaukar takalmi ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun notin farko. Na birkin baya. Ranar Talata ce, kin dawo daga zumunta ko ɗankwali ba ki cire ba."

Kunyar ta juye ta zama haushi, yadda takan yi wa mutanen kirki in an kama su.

"Wato ka sani, ka zuba min ido ina ta kwasar zunubi wata bakwai? Ka san sau nawa na ƙi tashi cin Jibin Ubangiji a coci saboda ƙaryar nan? Har matar Fasto ta ja ni gefe tana tambayata ko faɗa muke yi a gida."

Sai tsoho ya fashe da dariya. Dariya sosai, har da riƙe ciki, irin wadda ta manta yana da ita.

"Dariya ma na ba ka."

"Yi haƙuri. Ba ki iya ƙarya ba ne, Celina. Duk ranar da za ki ba ni wanda ba shi ba, sai kin yi gyaran murya tukuna."

Ta so ta yi dariyar ita ma, sai kuka ya riga ta fita. Ta ja gefen zani ta toshe baki don kada maƙwabta su ji.

"Ba na so ka mutu," ta ce. "Shi ke nan laifina. 'Yata ta tafi ta bar ni da waya, kai kuma za ka tafi ka bar ni da gwangwanaye. Wa zan kai wa kunu da safe? In tanka ta bi ta kanka, ni za a kira in je in duba ko kai ne. Ka taɓa tuna wannan?"

"Na tuna."

"To me ya sa ka ƙyale ni? Me ya sa ba ka tona ni tun ranar ba?"

Babban yatsansa na shafa bayan hannunta, yana bar mata baƙin giris.

"Tun da aka rufe masaƙa," ya ce, "kin taɓa zama kusa da ni awa uku? Ke kina kasuwa, kina coci, kina kicin. Ni ina zaune kamar tsohon turmi. In kin wuce ki ce sannu, in ce yauwa. Sai da na zazzage gwangwanayen nan na sake jin ƙanshin man da kike shafawa. In noti ya ƙi zama, ai gobe ma za ki zauna ke nan. Ni kuwa me zai sa in yi gardama?"

Kai, tsofaffin nan. Ni mai ba ku labarin ma sai da na ajiye waya na ɗan kalli rufi.

"Wannan ɗaya ke nan," ya ci gaba. "Na biyun ya fi muni. Tsoro nake ji."

"Kai? Tsoron hanya?"

"Tsoron Judith. In na kai mata ta dube ni ta ce ba ta so fa? Muddin mashin na cikin gwangwani, ina da gobe. Kina jan aikin, ni kuma ina ɓuya a bayanki."

Ta share fuska. Zuciyarta ta ɗan yi sauƙi, har ta ga wata ƙofa ta buɗe.

"To mu sa shi a bayan a-kori-kura mana. Mu zauna gaba ni da kai, direba ya kai mu har ƙofar asibitin."

"A'a."

"Don Allah, Baban Judith."

"Buhun masara ake aikawa a mota. Da hannuna na kwance shi tana kallo, tana cewa Baba don Allah, Baba don Allah. A kansa za ta gan ni na zo, ta san ba aike ba ne."

"Taurin kai," ta ce. "Ku biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso ku."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Sai wani tunani ya zo mata.

"Tsaya. In kana son jan aikin kamar yadda ka ce, me ya sa yau ka tona ni? Me ya canza?"

Ya saki hannunta. Ya ɗauki ɗan ƙarfen tagullan daga gwiwarsa ya miƙa mata.

"Ɗaga shi sama. Rufe ido ɗaya, ki leƙa ta ramin. Me kike gani?"

Ramin bai fi bakin allura ba. Ta leƙa.

"Ganyen mangwaro. Guda ɗaya ma, ba duka ba."

"To haka nake ganin duniya yanzu."

Hannunta ya sauko da kansa.

"Ba ka ce dishi-dishi ba ne? Ba ka ce launi ne kawai ya ɓace maka ba?"

"Ai ba ke kaɗai kika iya ba da kore a ce ja ba." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ko'ina ba. "Na hagu ya tafi tun Ista. Na dama ne ya rage min wannan ramin. Ranar da muka koma asibiti, kin tuna kin tafi layin karɓar magani kin bar ni da likita? Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage kuma, in ya kai Kirsimeti mu gode wa Allah."

"Yesu," ta ce a hankali.

"Jiya da kika tafi kasuwa na tashi zan buɗe wa mai ruwa ƙofa. Ƙofar gidana, Celina, wadda na kafa da hannuna. Sai da na bi bango."

Ya ci gaba da magana.

"Ina so in ga fuskar yarinyar nan. Ko ta ramin nan ne. Ko harara ta take yi, ina so in ga hararar. In na ƙara wata biyu, muryarta kawai zan samu, in ma ta yarda ta ba ni."

Nan fa Mama Celina ta gane. An gudu ba a tsira ba. Ita tana ganin kwanakin ransa take karewa, ashe kwanakin idonsa take ci, wata bayan wata, tana gyaran murya tana miƙa masa kore. Da ta ba shi ja tun farko, da tuni ya gama lokacin idon hagu na nan. Baƙin cikin da ta ji ya fi na ranar da Judith ta fita da jakarta.

Ta zame daga kujerar ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Na cuce ka. Nathan, na cuce ka."

"Tashi, za ki ɓata zaninki."

"Wata bakwai na cinye maka."

"Tare muka ci. Ina ƙirga ƙulli ina ɗaurawa a inda na san ba nan ba ne. In akwai ɓarawo a gidan nan, mu biyu ne." Ya lalubo kanta ya gyara mata ɗankwalin da ya zame. "Kuma ban yi asara ba. Na ga fuskarki a wata bakwai ɗin nan fiye da yadda na gan ta a shekara ashirin. Kin yi furfura a gefen kunnen dama, kin sani?"

"Ka bar ni da zancen furfura."

"Ta yi miki kyau."

Ta koma kan kujerar tana jan hanci. Rediyon maƙwabta na ta waƙoƙin sujada.

"Tun da yau ranar tone-tone ce," ta ce, "gaya min abin da ban taɓa tambayarka ba. Kai ka koya mata riƙe sifana tun tana firamare. Kai ka ce in ta gama makaranta aka tura ta ƙauye mashin nata ne, don ta riƙa kai wa masu naƙuda ɗauki a bayan duwatsu. Me ya shiga kanka ranar Lahadin nan? Don ita mace ce?"

Ya girgiza kai.

"Haka na bar mutane suka ɗauka, don ya fi sauƙin faɗa. Kin tuna mashin ɗin ya mutu mana a ƙofar coci bayan sujada? Na yi ta bugawa ina zufa, dattawa na tsaye. Ta zo da kayan cocinta ta ce Baba matsa, ta sa hannu ta taɓa wani abu, bugu ɗaya ya tashi. Sai wani daga cikinsu ya ce, Nathan, ashe ba masaƙa kaɗai ce ta sallame ka ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Aka yi dariya, ita ma ta yi, ba da mugunta ba. Ni kuwa a duniya ba abin da ya rage min da zan ce na fi kowa iyawa sai mashin ɗin nan. 'Yata ta fi ni, maimakon in yi rawa sai na zo gida na ɗauko sifana." Muryarsa ta karye. "Wanda ya faɗi maganar ma ya rasu shekara huɗu ke nan. Ni ina nan ina biyan bashin dariyarsa da 'yata."

Mama Celina ta dube shi, ta dubi gwangwanin. Tsoron hanyar Kachia na nan daram a ƙirjinta, ko motsi bai yi ba. Amma ta sa yatsa biyu ta ɗauko mai jan zaren. Ta shafa da kanta, ƙulli ɗaya.

"Ungo. Ja."

Ya shafa shi ma, ya gyaɗa kai.

"Ba ki yi gyaran murya ba."

Sauran aikin ita ta yi shi. Ƙarafan sun yi masa ƙanƙanta. Sai ya ɗora tafinsa a bayan hannunta yana jan ta.

"A hankali. Tagulla ce, ba ta son ƙarfi. In kin ji ya tsaya, ƙara kaɗan kamar kina rufe kwalbar man gyaɗa. Yauwa."

"Wannan mai kama da allurar fa?"

"Ta sama take shiga. Kada ki lanƙwasa ta, babu irinta a kasuwa yanzu."

"Ka ce ban iya komai ba sai miya."

"Yaushe na faɗa?"

"Shekarar da muka tare a Kakuri."

"To na janye."

Kafin rana ta take tsaka kafireta ta koma mazauninta. Gwangwani na talatin da biyu ya bi 'yan'uwansa gindin mangwaro. Ta ɗauko fetur ɗin da ya sa aka sayo tun watan jiya a gorar ruwa, ta tsiyaya a tanki, yana kasa kunne yana cewa ya isa, ya isa.

Mashin ɗin ya fi ƙarfin tsayinsa yanzu, sai da ta turo masa bulo ya taka. Ta riƙe masa kan mashin ɗin, ya ɗora ƙafa.

Bugu ɗaya, shiru.

Na biyu, shiru.

Na biyar, na shida. Zufa ta jiƙa masa singileti. Allah ya gani, wani ɓangare na zuciyarta cewa yake kada ya tashi, ɗaya ɓangaren kuma na roƙo ya tashi. Ita kanta ba ta san wanne take so Ubangiji ya ji ba.

"Huta mana."

"Saura ɗaya."

Ya ja numfashi, ya sake masa dukkan nauyinsa.

Mashin ya yi tari. Ya sake tari. Sai ya kece da wata irin ƙara mai kauri, bu-bu-bu-bu, hayaƙi fari ya turnuƙe tsakar gidan, kaji suka watse har da masu haye katanga.

Baba Nathan ya sauko daga bulon, hannu ɗaya na riƙe da totur, ɗayan a kan tanki kamar mai taɓa goshin yaro. Hawaye na bin kumatunsa, bai ko damu ya share ba.

"Kin ji shi?" ya ɗaga murya. "Kin ji muryarsa? Jibi Litinin da sassafe, kafin manyan motoci su fito."

Jibi.

Mama Celina ta tsaya cikin hayaƙin tana kallon mijinta. Ƙarya ta ƙare mata. Roƙo bai yi ba. In ta hana shi, ta kashe masa abin da ya rage. In ta bar shi, gawarsa za a kawo mata. Ga kuma alkawarin da ta ɗauka da hannunta a kan Littafi, cewa bakinta ba zai gaya wa Judith komai ba.

Bakinta dai aka ce.

Ta kwance bakin zani ta ciro wayarta. Ta danna lambar da ta saba kira a ɓoye a bayan kicin, domin Judith ko tarin ubanta ta jiyo kashe waya take yi. Ta sa a sifika.

"Mama, ina da mara lafiya a gabana, bari in kira ki in..."

Mama Celina ta dantse leɓe. Ta miƙa wayar saitin salansa.

Can ɓangaren aka yi tsit.

Ta duba fuskar wayar. Ba a kashe ba, daƙiƙu na ta tafiya.

Shi bai san abin da ake ciki ba. Ya saki totur don ya ji yadda injin zai zauna da kansa. Mashin ya yi bu, bu, ya shaƙe, ya mutu. Gidan ya yi shiru har ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

A cikin shirun nan murya ta fito daga wayar, siririya, tana rawa.

"Silo ɗinsa ya yi ƙasa, mai ba ya isarsa in an saki totur." Aka ja numfashi. "Mama, ki ce... ki ce a ƙara masa rabin juyi. Shi ya sa yake mutuwa."

Baba Nathan ya sandare.

Ya juyo da fuskarsa yana neman inda muryar ta fito, yana karkata kai don ya saita ɗan ramin da ya rage masa. Sai ya yi abin da ya iya. Ya durƙusa zai ɗauki sukudireba ya yi yadda aka ce.

Ba ta inda yake zato. Hannunsa ya shiga shafa ƙasa, ya taɓa buhu, ya taɓa bulo, ya ture kofin kunu ya kife.

Sabo fa ake wa kuka. Wata bakwai tana wannan aikin, bakinta ya riga tunaninta.

"Ba nan ba, Baban Judith. Damanka. Gaba kaɗan, kusa da ƙafarka. Yauwa, ka kusa taɓa ta."

Sai da ta rufe baki ta ji abin da ta faɗa.

"Mama." Muryar ta canza, ta koma ta malamar asibiti. "Me ya sa kike gaya masa inda abu yake?"

Mama Celina ta dubi mijinta. Yana durƙushe, hannunsa a ƙasa, yana girgiza mata kai.

"Mama, rana tsaka ce. Ba ya gani ne?"



"Baba?" Karo na farko a shekara bakwai. "Baba, da kai nake. Me ya samu idonka?"